Harajin Cin Caca da Tukwici a Gidajen Cacar Amurka: Yadda Ake Lissafinsa Tun Daga Tebur Har Zuwa Fom

A dokar harajin Amurka, duk kuɗin da ya shigo hannunka kuɗin shiga ne, sai wanda doka ta ware da sunansa. Cin caca ba ya cikin waɗanda aka ware, tukwici ma haka. Wanda ya ci dala 40 a tikitin kankarewa da wanda ya ci dala 40,000 a Las Vegas doka ɗaya ce a kansu, kuma mai raba karta da aka tura wa ɗan abu bayan wasa ya yi kyau shi ma hukumar haraji ta IRS tana da rabo a ciki. Hukuncin caca a addini sananne ne, ba shi ya kawo mu ba. Akwai dai masu aiki a waɗannan gidaje, akwai masu cika wa jama'a takardun haraji, akwai kuma wanda ya riga ya ci, takarda ta iso, ya rasa yadda zai yi da ita. Su ake yi wa wannan bayani.

Abu guda za ka riƙe tun daga farko: gidan caca yana kai wa hukuma rahoton abin da ka ci, amma ba ya kai rahoton abin da aka cinye maka. Wannan ɓangaren naka ne ka rubuta, naka ne ka kawo shaida. Kusan duk wahalar da mutane ke sha a wannan fage daga nan take tasowa.

Mataki na farko: ka san matsayinka

Kafin lissafi, ka tantance ko kai mazauni ne a idon hukumar haraji ko baƙo. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin mazauna ne. Haka ma wanda kwanakinsa a ƙasar suka kai 183 bisa wani lissafi da ke haɗa shekarar nan da kaso daga shekaru biyu da suka gabace ta. Mazauni fom 1040 yake cikawa, kuma yawancin abin da ke tafe nasa ne. Baƙo yana da nasa tsarin, za mu zo kansa.

Sai tambaya ta biyu: caca sana'arka ce ko nishaɗi? A 1987 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa wanda ke yin caca kullum, cikakken lokaci, don neman abin kai wa bakin salati, ana iya ɗaukarsa mai sana'a. Irin wannan a takardar Schedule C yake lissafi, yana kuma biyan harajin masu aikin kansu na kashi 15.3 cikin 100. Mai albashi da ke leƙawa ƙarshen mako ba ya cikin wannan aji, ko da yana ganin kansa gwani.

Mataki na biyu: buɗe littafi tun kafin ka ci komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum ba ya tuna littafi sai watan Afrilu, lokacin miƙa fom ɗin haraji, ya ƙarato, a lokacin kuwa ba ya iya tuna ko ranar da ya je, balle nawa ya bari a can.

Tun 1977 IRS ta fayyace abin da take son gani a littafin ɗan caca: kwanan wata da irin wasan, suna da adireshin wurin, sunayen waɗanda kuke tare, da adadin da ka ci ko ka yi asara. Idan injin caca ne, ka ƙara lambar injin da lokacin da ka zauna. Idan tebur ne, lambar teburin. Ɗan littafin aljihu ya isa, shafi a waya ma ya isa, muddin a ranar kake rubutawa. Ka haɗa da duk wata takarda da ta biyo baya, kamar rasit ɗin cire kuɗi a na'urar ATM ta cikin gidan, tikitin da bai ci ba, bayanin banki, da takardar da kashiya ya ba ka lokacin da ka canja kwandalolin wasa zuwa tsabar kuɗi.

Yadda ake ƙirga ci da asara shi ne wurin da ya fi rikita mutane. Ba kowace dannawa a inji ake lissafawa daban ba, kuma ba a tattara shekara gaba ɗaya a ce ga ribar. Abin da kotun haraji ta karɓa a shari'o'in masu wasan inji shi ne lissafin zama-zama. Ka zauna da dala 500, wasa ya hau ya sauka, ka tashi da 800: ka ci 300 a wannan zaman. Washegari ka zauna da 600 ka tashi da 200: ka yi asarar 400. A ƙarshen shekara sai ka tara zaman da ka ci a gefe guda, zaman da ka faɗi a wani gefe. Jimla biyu ke nan, kuma a wurare biyu daban za su shiga fom. Ba za ka ce 300 da 400 sun kashe juna, saura asarar 100, don haka babu abin faɗa ba.

Masu katin ɗan wasa suna iya neman takardar ci da asara ta shekara daga gidan. Ka nema, tana da amfani. Amma ita kanta takardar yawanci tana ɗauke da gargaɗin cewa ƙiyasi ce, musamman a wasan tebur inda ma'aikaci ne ke kimanta abin da ka zuba da ido. Mai tallafa wa littafinka ce, ba ta tsaya a madadinsa.

Mataki na uku: ranar da aka miƙo maka W-2G

Idan ci ya kai wani adadi, injin yakan tsaya cak, ma'aikaci ya zo ya nemi katin shaida da lambar SSN ɗinka (lambar shaida da hukumar haraji ke gane mutum da ita), a biya ka da hannu, a ba ka takardar W-2G. Kwafinta yana tafiya wajen IRS.

Shekara da shekaru iyakokin su ne dala 1,200 a inji da bingo, 1,500 a kino bayan an cire kuɗin da ka zuba, fiye da 5,000 a gasar foka bayan an cire kuɗin shiga, sai 600 a irin su tseren dawakai da kuri'a idan cin ya ninka abin da ka zuba sau 300. Iyakar 1,200 ɗin nan tun 1977 take, ta yi kusan shekara hamsin ba ta motsa ba duk da faɗuwar darajar dala. Dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ce ta buɗe hanyar ɗaga ta, daga 2026 ta koma dala 2,000, kuma za ta riƙa hawa tare da tsadar rayuwa.

Wasannin tebur kamar blakjak, rulet da bakara a al'ada ba a bayar da W-2G a kansu. Nan wasu ke yaudarar kansu, su ɗauka tunda babu takarda babu haraji. Iyakar takarda ta shafi aikin gidan caca ne kawai, wato lokacin da ya wajaba ya kai rahoto. Wajibin da ke kanka tun daga dala ta farko yake farawa.

Game da yankewa tun daga tushe, ana riƙe kashi 24 cikin 100 idan cin ya wuce dala 5,000 a kuri'a da makamantanta, ko a wasan da cin ya ninka zubi sau 300. Inji, bingo da kino ba a yanke musu kai tsaye, sai idan ka kasa bayar da lambar haraji, a nan za a riƙe kashi 24 ɗin. Kada ka ɗauki abin da aka yanke a matsayin ƙarshen magana. Kafin alƙalami ne. Harajin tarayya yana hawa daga kashi 10 zuwa 37 gwargwadon jimlar kuɗin shigarka, don haka babban ci yana iya jefa ka matakin da ya wuce 24, ka tarar da sauran bashi.

Abubuwa uku ƙanana da kan zama manya. Idan kun haɗa kuɗi ku da yawa kuka ci, a cika fom 5754 tun a wurin biya domin a raba W-2G da sunan kowa, in ba haka ba dukan harajin zai hau kan wanda ya miƙa katin shaidarsa. Idan kyautar mota ce ko tafiya, darajarta a kasuwa ce kuɗin shigarka, kuma da tsabar kuɗi za ka biya harajin. Idan kuma tsabar kuɗin da ta shiga ko ta fita ta wuce dala 10,000 a rana guda, gidan zai cika rahoto zuwa hukumar FinCEN mai sa ido kan laifukan kuɗi. Wannan rahoton ba haraji ba ne, bai kuma nuna ka yi laifi ba. Laifin shi ne ka rarraba kuɗin gida-gida da gangan don kauce masa, kuma babban laifi ne.

Mataki na huɗu: cika fom, inda asara ke ba da mamaki

Jimlar cin da ka yi tana shiga takardar Schedule 1, a layin da aka keɓe wa caca, daga nan ta haɗu da albashinka. Abin da aka yanke maka, wanda ke rubuce a akwati na 4 na W-2G, ka saka shi cikin harajin da ka riga ka biya.

Asara kuwa tana da sharuɗɗa. Na farko, ba za ta wuce adadin cin ba. Ka ci 4,000, aka cinye maka 9,000, to 4,000 ce iyakar abin da za ka cire, ragowar ta tafi, ba a rage albashi da ita, ba a kuma ɗaukarta zuwa baɗi. Na biyu, wanda ya fi cizo, sai ka jero abubuwan cirewarka ɗaya bayan ɗaya a Schedule A, ka haƙura da cirewar bai-ɗaya da kowa ke samu, wato tsayayyen adadin da ake ragewa daga kuɗin shiga kafin a lissafa haraji. A shekarar harajin 2025 wannan cirewar bai-ɗaya dala 15,750 ce ga mai cikawa shi kaɗai, 31,500 ga ma'auratan da suka haɗa fom.

Ɗauki wani gwauro mai albashi. A 2025 zaman da ya ci sun tashi 6,000, waɗanda ya faɗi 7,000. Sauran abin da zai iya jerowa, kamar harajin jiha da sadaka, dala 3,000 ne. In ya jero, 6,000 da 3,000 sun zama 9,000, ba su ko kusa da 15,750 ba. Dole ya ɗauki bai-ɗayan, asararsa ba ta amfane shi da ko sisi ba. Idan yana matakin kashi 22, zai biya dala 1,320 a kan cacar da a zahiri ya fito da giɓin 1,000. Mafi yawan masu wasan nishaɗi a wannan rami suke, kuma ba kuskuren lissafi ba ne, haka dokar take.

Daga 2026 an ƙara wani ƙulli: kashi 90 cikin 100 na asarar kawai za a iya cirewa. Wanda ya ci 50,000 ya kuma yi asarar 50,000 zai cire 45,000, ya biya haraji a kan 5,000 da bai taɓa riƙewa ba. Idan asararsa 60,000 ce, kashi 90 ya zama 54,000, sai iyakar cin ta tsayar da shi a 50,000. A ganina wannan sashe ba shi da adalci, don haraji ne a kan kuɗin da babu su, kuma masu zuba manyan kuɗi da ɗan ƙaramin riba su ya fi dannewa. 'Yan majalisa daga Nevada sun gabatar da ƙudurin soke shi, saboda haka ka duba halin da ake ciki a shekarar da kake cikawa.

Akwai wata illa da ba a gani da wuri. Tunda ci yana shiga sama, asara tana fita can ƙasa, jimlar kuɗin shigarka tana kumbura ko da asara ta shafe cin. Da wannan jimlar ake auna tallafin inshorar lafiya, da kason fanshon Social Security da za a ɗora wa haraji, da kuɗin Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi. Ɗan fansho yana iya fitowa babu riba babu faɗuwa, amma ya ga kuɗin inshorarsa ya tashi.

Kwamfutar IRS tana gwada W-2G da abin da ka rubuta. Idan adadinka ya gaza jimlar takardun, sai ka ga wasiƙar CP2000, wadda IRS ke aikowa idan alƙaluma ba su daidaita ba. Wannan yakan faru ga mai lissafin zama-zama, domin mai yiwuwa an ba shi takardar 2,500 a zaman da ya mayar da yawancin kuɗin cikin injin. A nan ne littafinka zai yi magana, kuma a nan ne ya dace ka biya ƙwararren mai cika haraji ya tsara bayanin. Ka ajiye takardun aƙalla shekara uku bayan ka miƙa fom.

Idan ka yi babban ci ba a yanke komai ba, kada ka jira 15 ga Afrilu. Wanda zai tarar da bashin dala 1,000 ko fiye ana sa ran ya riƙa biyan ƙiyasi da fom 1040-ES a tsakiyar Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu, in ba haka ba akwai tara. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ware kason haraji a ranar da aka biya ka, ko ka nemi gidan ya yanke da kansa.

Jihohi kowa da kiɗanta. Nevada, Florida da Texas ba su da harajin kuɗin shiga. New Jersey tana bari a haɗa ci da asara na shekara. Illinois da Connecticut suna karɓar haraji a kan ci ba tare da cire asarar ɗan nishaɗi ba. Kuma cin da ka yi a Las Vegas jihar da kake zaune, idan tana karɓar harajin kuɗin shiga, za ta nemi nata.

Idan kai baƙo ne

Mai ziyara ana yanke masa kashi 30 cikin 100 nan take, a ba shi fom 1042-S. Ya ci 10,000 a inji, 7,000 zai karɓa. Doka ta ware wasu wasannin tebur daga wannan haraji: blakjak, bakara, rulet, wasan ɗan lido da ake kira kraps, da babbar ƙafar juyawa. Ƙasashe irin su Ingila, Faransa, Jamus, Japan da Afirka ta Kudu suna da yarjejeniyar haraji da Amurka da ke kare 'yan ƙasarsu, idan sun gabatar da fom W-8BEN da lambar ITIN, wato lambar harajin da ake ba wanda ba shi da SSN. 'Yan Kanada ana yanke musu, amma suna iya cire asara su nemi a mayar musu ta fom 1040-NR. Najeriya, Nijar da Ghana ba su da irin wannan yarjejeniya da Amurka, don haka kashi 30 ɗin yana nan daram.

Tukwici: mai bayarwa da mai karɓa

Mai bayarwa tasa gajeriya ce. Ka ci 3,000, ka miƙa wa ma'aikacin da ya ƙirga maka dala 100 don jin daɗi, W-2G 3,000 za ta nuna, a kanta kuma za ka biya. Ga ɗan nishaɗi tukwici kashe kuɗi ne na ganin dama.

Mai karɓa kuwa aiki ne a gabansa. A da masu raba karta sun yi gardamar cewa abin da 'yan wasa ke ba su kyauta ce ta camfi da neman sa'a, kyauta kuma ba ta da haraji. A 1976 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yankin da Nevada ke ciki ta yi watsi da wannan hujja, ta ce kuɗin shiga ne. Ko a hannu aka ba ka, ko ɗan wasa ya zuba maka fare ya ci, ko daga asusun da ake tarawa a raba wa ma'aikata, duk tukwici ne.

Ka rubuta abin da ka samu kowace rana, tare da abin da ka raba wa abokan aiki, don abin da ya rage a hannunka kawai ake bin ka. Idan tukwicin wata ya kai dala 20, ka kai wa wanda ya ɗauke ka aiki rahoto a rubuce kafin 10 ga watan da ke biye. Da shi zai yanke harajin kuɗin shiga da kashi 7.65 na Social Security da Medicare, ya kuma nuna shi a W-2, takardar albashinka ta shekara. Wanda ba ka kai rahotonsa ba sai ka bayyana shi da fom 4137 lokacin cika haraji, kuma ana iya cin tararka rabin harajin Social Security da Medicare da ya kamata ka biya a kansa. Ɓoye tukwici yana da wani farashin na daban: fanshonka na gaba da abin da aka rubuta ake lissafa shi, haka ma banki idan ka je neman rancen gida.

Gidajen caca da yawa suna cikin yarjejeniyar GITCA da IRS, wadda aka fara a 2003. A ƙarƙashinta ana tsayar da adadin tukwici na kowace awa ga kowane irin aiki da kowane zangon aiki. Ma'aikacin da ya shiga ana lissafa masa wannan adadin, kuma muddin yana bin ƙa'ida ba za a bincike shi a kan tukwici ba. Shiga ba dole ba ce. Kafin ka sa hannu, ka gwada adadin da littafinka na 'yan watanni. Mai aikin tsakar dare a ranakun da babu jama'a yana iya tarar da an ɗora masa abin da bai samu ba, wanda ya ƙi shiga kuma sai ya riƙe cikakken littafi don kare kansa.

Sai sabon rangwamen da ake ta yayatawa da sunan babu haraji a kan tukwici. Daga 2025 zuwa 2028 ma'aikaci yana iya cire tukwici har dala 25,000 a shekara daga kuɗin da ake ɗora wa harajin tarayya, ko da cirewar bai-ɗaya ya ɗauka. Masu raba karta, kashiyoyi da masu karɓar fare suna cikin jerin sana'o'in da Baitulmalin Amurka ta fitar. Dole tukwicin ya zama na son rai, kuɗin hidima da aka ɗora a kan bil ba ya ciki. Dole kana da lambar SSN, ma'aurata kuma sai sun haɗa fom. Rangwamen yana fara raguwa idan kuɗin shiga ya wuce 150,000, ko 300,000 ga ma'aurata, da dala 100 a kan kowace 1,000 da ta ɗaru.

Mai raba karta da ta tara tukwicin 30,000 za ta cire 25,000 a takardar Schedule 1-A, ta biya harajin kuɗin shiga a kan 5,000. Kashi 7.65 ɗin kuwa a kan dukan 30,000 yake, wato dala 2,295, kuma jihar da take zaune tana iya ƙin bin tarayya a wannan rangwame. Tukwicin da aka bayyana ne kawai ke samun cirewar, wanda ya fito a W-2 ko aka rubuta a fom 4137.